Kalmar sirrin fayawol ta ɓata: a nemo wanda ya saita, a shiga ta kwansol, ko a goge a sake?

Hajiya da kanta ta kira ni wata Talata da hantsi. Tana da makaranta mai zaman kanta can wajen Tumfure, har da ɗakin kwamfutoci inda yara ke gwajin jarrabawa. Bayan gaisuwa ta ce, "Injiniya, mun canza kamfanin intanet, sun ce sai an shiga cikin akwatin nan an sa sababbin lambobi, ga shi babu wanda ya san kalmar sirrinsa." Na ce, "Ranki ya daɗe, wa ya saita muku shi tun farko?" Ta ce wani ɗan bautar ƙasa ne, ya gama shekararsa ya koma kudu, layinsa ma ya daina shiga.

Akwatin da take nufi shi ne fayawol, na'urar nan da ke tsaye tsakanin intanet da kwamfutocin cikin gida tana tantance abin da zai shigo da abin da zai fita. Irin wannan kira ba baƙo ba ne ga masu sana'armu a Gombe. Yau makaranta ce, gobe asibiti a Jekadafari, jibi otal ko mai sayar da tikitin Wi-Fi a Pantami. Labarin duk ɗaya ne: na'ura tana aiki shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa buƙatar shiga cikinta, sai ranar da buƙata ta taso a waiwaya a ga mai makulli ya yi nisa.

Abin da nake fara faɗa wa mai wuri shi ne, kalmar sirrin ba ita ce dukiyar ba. Dukiyar ita ce saitin da ke ciki: suna da lambar sirrin da kamfanin intanet ya bayar, adireshin IP na dindindin idan akwai, yadda aka raba layin ofis da na ɗalibai ko na baƙi, ƙofar da aka buɗe don Alhaji ya riƙa kallon kyamarorin tsaro a wayarsa ko yana Abuja, makullan VPN da ke haɗa reshe da reshe, jerin shafukan da aka toshe, da asusun masu amfani da Wi-Fi. Wani saitin aikin awa ɗaya ne, wani kuma an tara shi ne a hankali cikin shekara biyar, babu takarda ko ɗaya da ta rubuta shi. Don haka duk hanyar da za a bi, ma'auninta ɗaya ne: za ta bar mini saitin, ko za ta tafi da shi?

Hanyar da ta fi araha ita ce wadda mutane suka fi rainawa, wato neman mutumin da kuma lalube. Kafin a taɓa sukurdireba, a zauna gaban kwamfutar da tsohon mai saitin ya saba aiki da ita. Chrome da Firefox suna ajiye kalmomin sirri idan an yarda musu, kuma yawancin yaranmu suna yarda. Idan fayawol ɗin ƙirar kamfanin MikroTik ce, manhajar Winbox da ake shiga cikinta da ita tana da jerin na'urorin da aka adana tare da suna da kalmar sirri. A duba ƙasan na'urar ko an manna takarda, a duba tsohuwar diyarin ofis, a tambaya ko akwai asusu na biyu da aka buɗe wa wani malami ko akanta. Wannan hanya ba ta katse intanet ko na minti ɗaya, ba ta taɓa saiti. Illarta kuwa, tana cin lokaci, kuma tana iya ƙarewa a banza: ko a samu mutumin ya ce wallahi ya manta, ko ya ce sai an biya shi cikon kuɗinsa. A nan ba na ɓoye ra'ayina. In dai da gaske yana bin bashi, biyansa ya fi sake ginin saiti sauƙi nesa ba kusa ba, ga kuma sauke haƙƙi. Sai dai duk ranar da aka karɓi kalmar, a canza ta nan take, a kuma bi jerin asusun masu iko da na VPN ɗaya bayan ɗaya a cire waɗanda ba a sani ba.

Hanya ta biyu ita ce shiga ta kwansol. Yawancin waɗannan na'urori suna da wata ƙofa da aka rubuta CONSOLE a kanta. Bakinta kamar na wayar netwok, amma ba ita ba ce, igiyarta daban, kuma ta zamani tana ƙarewa da USB a ɗaya ɓangaren. Ana haɗa ta da laftof, a buɗe manhaja irin PuTTY, a zaɓi saurin da ya dace. Fayawol ƙirar Cisco da FortiGate 9600 suke so, Sophos 38400, na'urorin Netgate masu pfSense da MikroTik kuma 115200. Wanda ya ga allo ya cika da wasu alamomi kamar rubutun aljanu, kada ya ce na'ura ta lalace, saurin ne bai daidaita ba. Hikimar wannan hanya ita ce, kamfanonin sun ɗauka wanda ya iya tsayawa gaban na'urar, ya kashe ta ya kunna, ya soka mata igiya, to mai ita ne. Amma ba kowane kamfani ya yarda da wannan tunani ba, kuma a nan ne zaɓin yake rabuwa.

Cisco ASA ta fi kowa kyautatawa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta, tun da akwai 'yan hannu da yawa a garin nan, musamman ƙaramar nan 5505 da kamfanin ya daina sayarwa tun 2017. Ana kashe ta a kunna, a danna Escape lokacin da take tashi, sai ta tsaya a wani mataki da ake kira ROMMON. A nan za a rubuta confreg 0x41, ma'ana an umarce ta ta tashi ba tare da ta karanta saitin da ke ajiye ba. Sai a rubuta boot. Za ta tashi fayau kamar sabuwa, idan umarnin enable mai ba da cikakken iko ya nemi kalmar sirri, Enter kawai ake dannawa. Saitin bai ɓata ba, yana nan kwance a ajiya. Sai a jawo shi da copy startup-config running-config, a sa sabuwar kalmar sirri, a mayar da rajistar, wato lambar confreg ɗin nan, zuwa 0x1, a adana, a sake kunnawa. Aikin bai kai rabin awa ba ga wanda hannunsa ya faɗa.

To amma ga ramin da ke ciki. Umarnin kwafin nan yana da gaba da baya. Wanda ya juya shi, ya rubuta running-config kafin startup-config, ya ɗauki saitin wofi ya danne na gaskiya da shi, kuma babu dawowa. Hannun mai sana'a ya saba da juyayyen, domin shi ne ake rubutawa kullum wajen adana aiki, don haka ƙwararre ma yana iya faɗawa idan yana hira yana aiki. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Rami na biyu, wanda ya manta bai mayar da rajistar ba, duk ranar da aka ɗauke wuta na'urar za ta tashi babu saiti, a yi ta neman sa a waya. Akwai kuma inda tsohon mai saiti ya sa umarnin no service password-recovery. Idan haka ne, ASA za ta ce ba ta barin kowa ya shiga ROMMON sai ya yarda a share duk abin da ke cikin ma'ajiyarta. Wanda ya ga wannan tambaya a allo ya ce a'a, ya koma ya yi shawara.

FortiGate kuma labarinta ya kasu biyu, kuma shekarun manhajar da ke kanta ne ke yanke hukunci. A tsofaffin FortiOS, wato manhajar FortiGate, akwai wani asusu na musamman mai suna maintainer. Ana cire wuta a mayar, da zarar wurin shiga ya bayyana a kwansol sai a rubuta maintainer, kalmar sirrin kuma bcpb ce haɗe da lambar jikin na'urar da manyan baƙaƙe. Daƙiƙu kaɗan ake bayarwa, don haka ba a tsayawa bugawa da yatsa, rubuta ta ake yi tun da wuri a Notepad a kwafa a manna. In an shiga, a canza kalmar sirrin admin, saiti yana nan ba abin da ya same shi. Sai dai Fortinet ta cire wannan asusu daga FortiOS 7.2.4 zuwa sama, kuma ko a tsofaffin ma mai saiti yana iya kashe shi. Ke nan wanda na'urarsa sabuwa ce, ko aka sabunta mata manhaja, wannan ƙofa a rufe take. Abin da ya rage shi ne a katse tashinta ta kwansol, a share, a ɗora manhaja ta TFTP, wato hanyar tura fayil daga laftof zuwa na'urar, sannan a mayar da kwafin saiti idan akwai. Kwafin FortiGate rubutu ne da ake iya buɗewa a karanta matuƙar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don haka akan cire layin tsohuwar kalmar sirrin admin kafin a mayar da shi. Yana kuma son na'ura iri ɗaya da manhaja iri ɗaya da waɗanda aka ɗauke shi a kai.

Wani abu da masu FortiGate ba su cika lura da shi ba: lasisi da damar sauko da manhaja suna rataye ne da asusun da aka yi wa na'urar rajista a wurin kamfanin. Idan da imel ɗin tsohon ma'aikaci aka yi rajistar, to makulli biyu ne suka ɓata, ba ɗaya ba. A nemo rasit ɗin saye tun yanzu, da shi ake kafa hujja.

pfSense da Sophos ba sa buƙatar dogon bayani. A pfSense, allon kwansol yana da jerin zaɓuɓɓuka, lamba 3 ita ce ke sake saita kalmar sirrin admin, saiti bai motsa ba, sai fa idan an kulle jerin kansa. A Sophos XG, da Cyberoam da ta gabace ta kafin Sophos ta saye kamfanin a 2014, ana rubuta RESET da manyan baƙaƙe a wurin kalmar sirri a kwansol, sai jeri ya fito. A karanta shi da natsuwa, domin zaɓin mayar da kalmar sirrin admin yana zaune ne kusa da zaɓuɓɓukan da ke share saiti.

Saura MikroTik, kuma ita ce ta fi yawa a wurinmu saboda sauƙin kuɗinta. Wasu ma za su ce rawuta ce ba fayawol ba, amma a makarantu da otal-otal na Gombe ita ke yin aikin biyun. Wannan kamfani na ƙasar Latbiya bai bar wata ƙofar baya ba sam. Kalmar sirri ta ɓata, to sai gogewa. Ƙananan irin su hEX da hAP ba su ma da ƙofar kwansol, manyan da ke da ita kuma suna neman suna da kalmar sirri a can ma. Akan samu yaro ya ce yana da manhajar da ke zaro kalmar sirrin MikroTik. Asalin maganar wata ɓaraka ce da aka gano a Winbox a 2018, wadda kamfanin ya toshe a manhajarsa ta RouterOS 6.42.1. In har dabarar ta yi aiki a kan na'urarka, ba abin murna ba ne, alama ce cewa shekara da shekaru ƙofarka a buɗe take ga duk mai so, kuma saitin da ka ceto ma ba abin yarda ba ne. Ni ba na sa irin waɗannan manhajoji a laftof ɗina, don ba ka san abin da aka cusa a cikinsu ba.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, gogewa a sake gini. A MikroTik ma iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da amfani. Ta maɓalli: a cire wuta, a danne maɓallin riset, a mayar da wuta, a saki da zarar fitila ta fara ƙiftawa. Wanda ya ci gaba da dannewa zai wuce zuwa wasu matakan daban. Na'urar za ta dawo da adireshinta na asali 192.168.88.1, suna admin, tsofaffi babu kalmar sirri, sababbi kuma tana rubuce a takardar da ke manne a jikinsu. Ɗayar ita ce ta manhajar Netinstall, wadda ke share ma'ajiya gaba ɗaya ta ɗora sabuwar manhaja. Na fi son a fara da maɓalli, domin yakan bar fayilolin da ke ajiye a ciki, kuma wani lokaci a nan ake tsintar kwafin saiti da tsohon ma'aikaci ya bari. Netinstall tana da wurin da ake cewa a riƙe tsohon saiti, amma tana riƙewa ne har da tsohuwar kalmar sirrin, an koma gidan jiya. Haka ma fayil mai ƙarewa da .backup, idan aka mayar da shi zai dawo da tsofaffin asusu ya sake kulle ka a waje. Wanda ake nema shi ne mai ƙarewa da .rsc, domin shi rubutu ne, kuma ba ya ɗauke da kalmar sirrin shiga na'urar.

Gogewa tana da wata fa'ida da sauran biyun ba su da ita: tana wanke na'ura daga duk abin da ba ka sani ba. Idan rabuwar da aka yi da tsohon ma'aikaci ba ta daɗi ba ce, ko an sayi na'urar a hannu ba a san inda ta fito ba, ni gogewa nake zaɓa ko da kwansol zai buɗe mini. Haka nan idan wurin ƙarami ne, layin intanet ɗaya, kwamfuta goma da firinta, sake ginin bai kai wahalar farautar kalmar sirri ba. Amma asibiti mai rassa da VPN, ko otal mai ɗaruruwan tikitin Wi-Fi da aka riga aka sayar, ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, waɗannan ba a goge musu sai an tabbatar kwansol ya ƙi, an kuma yi iya ƙoƙari wajen neman kwafi.

Wanda ba shi da kwafi kuma dole ya goge, ya tattara abin da zai iya tun na'urar tana aiki. Umarnin ipconfig /all a kwamfutocin sassa daban-daban zai nuna adireshin kowane sashe da ƙofar fitarsa da DNS. A shiga na'urar kyamarori a rubuta adireshinta da lambobin ƙofofinta, haka firinta da sabar makaranta. A ɗauki hoton bayan fayawol ɗin yadda kowace waya za ta fito da ramin da take ciki. A kira kamfanin intanet a karɓi bayanan layi a rubuce, kafin gogewa ba bayanta ba, don ranar da intanet ta yanke ko lambar wayarsu sai a rasa inda za a duba.

Maganar lokaci da wuta ma tana cikin zaɓin. Yawancin hanyoyin nan, ban da lalube, suna katse intanet. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada a taɓa na'urar cibiyar jarrabawa ana saura kwana biyu ɗalibai su zauna. Ni na fi son yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko safiyar Asabar, don in abu ya cije akwai Lahadi a gaba. Ɗora manhaja kuma ba a yin sa a kan wutar gari tsagwaronta. A jona na'urar da laftof a kan inbata ko UPS mai lafiyayyen batir, don yankewar wuta a tsakiyar ɗorawa tana iya barin na'ura ba ta tashi.

Ga 'yan uwana masu sana'a kuma, kada wani ya kawo maka fayawol a leda ya ce ka buɗe masa ka kama aiki kawai. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Na sha ganin rigimar abokan kasuwanci inda ɗaya ke son a kulle ɗayan a waje. Ka tabbatar mai wurin ne da kansa ya sa ka, ko da saƙon WhatsApp ne ka ajiye.

Na Hajiya dai MikroTik ce, don haka maganar kwansol ba ta ma taso ba. Mun duba kwamfutar ofis, ashe an yi mata fomat bara, jerin Winbox ya tafi. Da ta ji haka sai ta ce, "To a goge mana kawai, Injiniya." Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni kwana biyu tukuna, tsohon layin bai ƙare ba ai." Wani malamin lissafi da suka yi zama ɗaki ɗaya da ɗan bautar ƙasar ya samo shi a Facebook. Yaron kirki ne, ya ce kalmar sirrin kam ta fita daga kansa, amma ya taɓa tura wa kansa fayil ɗin .rsc ta imel, ya kuwa turo mana a daren.

Ranar Asabar na goge ta da maɓalli, na shiga da Winbox, na sake share ta ba tare da saitin kamfani ba don kada ya yi karo da namu, sannan na riƙa mayar da fayil ɗin sashe-sashe ina karantawa, ina sa lambobin sabon kamfanin intanet a inda tsofaffin suke. Kafin azahar ɗakin kwamfutoci ya dawo, kyamarori suka fito a wayar Hajiya. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Na'urar tana kan RouterOS 7, wanda ke ɓoye kalmomin sirri idan ana fitar da saiti sai an ce masa show-sensitive, yaron kuma bai ce ba. Sunayen malamai duk suna nan a jerin masu Wi-Fi, amma wurin kalmar sirrinsu fayau. Ranar Litinin sai da na zauna a ofishin shugaban makaranta har aka tashi, malamai suna shigowa ɗaya bayan ɗaya kowa yana zaɓar sabuwa.